Abin Da Ke Sa Bunsuru Ɗage Leɓe

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in yi bayanin wani abu da duk mai kiwo a ƙauyukanmu na Maigatari ya saba gani. Idan bunsuru ya shinshina fitsarin akuya, sai ya ɗaga kai sama, ya ɗage leɓensa, dasashi a waje, ya tsaya cak, har yara su riƙa cewa dariya yake yi.

Ba dariya ba ce. A ƙasan kogon hancinsa, dab da ganɗa, akwai wata 'yar gaɓa mai kama da siraran bututu biyu, wadda likita Ludwig Jacobson ɗan ƙasar Danmak ya yi bayaninta a 1813. Ɗage leɓen nan yana taimaka wa sinadaran feromon (wato waɗanda jikin dabba ke fitarwa don isar da saƙo ga 'yan jinsinta) da ke cikin fitsarin su isa gare ta, ita kuma ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, ta haka yake gane ko akuyar ta shirya karɓar barbara. Rago da bijimi da ingarma duk suna yin haka, shi kuwa maciji da harshensa yake kai wa tasa gaɓar ƙamshi.

Ɗan Adam ma tana fara fitowa a jikinsa tun yana ciki, amma a jikin babba alamarta kawai ta rage, kuma masana ba su tabbatar tana aiki ba. Shi ya sa nake takaicin ganin samarinmu suna zuba kuɗin gyaɗarsu wajen sayen turaren da ake tallatawa a Facebook, wai feromon ɗinsa zai jawo musu hankalin 'yan mata.

Naka,
Wani makiyayi daga Maigatari, Jihar Jigawa