Masu gina shafukan cike fom, ku daina korar mu ba sallama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da masu gina shafukan intanet na cike fom. Ina da shagon kwamfuta a Agege inda nake cike wa jama'a fom na makaranta da na neman aiki, kuma na ɗan taɓa koyon rubuta manhaja.

A makon jiya wani dattijo mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ya kawo ɗansa mu cike fom mai shafi biyar. Muna shafi na huɗu aka nemi lambar shaidar ɗan ƙasa ta mahaifiyar yaron, wadda take can Sakkwato. Kafin a same ta a waya, ta lalubo takardar a cikin akwati, ta karanto lambobin nan 11 ɗaya bayan ɗaya, rabin awa ta wuce. Ina danna maɓallin ci gaba sai shafin ya mayar da ni ƙofar shiga, duk abin da muka rubuta ya bi ruwa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsarin HTTP, wanda shafukan intanet suke aiki da shi, ba ya tuna wanda ya zo ɗazu, shi ya sa saba, wato kwamfutar da take ɗauke da shafin, take ba wa burauza, manhajar da muke buɗe shafi da ita, 'yar alamar da ake kira kuki, dabarar da Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro a 1994, domin ta gane cewa mutum ɗaya ne yake ci gaba da zamansa. Wannan zama yana da wa'adi, kuma ya danganta da manhajar da aka gina shafin da ita. A PHP, idan ba a taɓa saitin ba, daƙiƙa 1440 ne, wato minti 24, a ASP.NET minti 20. A Tomcat minti 30. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, duk rubutun da mutum yake yi a cikin fom, saba ba ta san yana yi ba sai ya aika, don haka a wurinta ya tashi ya tafi.

Ba cewa nake a cire wa'adin ba, domin a shago irin nawa mutum goma suna iya zama a kujera ɗaya a yini, kuma zaman da ba ya ƙarewa ƙofa ce ga ɓarawo. Roƙona shi ne a riƙa adana abin da aka cike a kowane shafi, a ajiye shi a saba ƙarƙashin asusun mai shi, ta yadda idan ya sake shiga zai tarar da aikinsa inda ya bar shi. Ajiye shi a cikin burauza ya fi sauƙi, amma wanda ya zauna bayansa yana iya ganin sirrinsa, ga shi kuwa tun 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a. Sannan a yi gargaɗi kafin wa'adin ya cika. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet sun ce a ba mutum aƙalla daƙiƙa 20 ya tsawaita lokacinsa da dannawa guda.

Sanarwa ma haka take. Lambar tabbatarwa takan iso waya bayan wa'adinta ya wuce, kuma shafin da bai ce "an karɓa" ba yakan sa mutum ya sake dannawa, ya biya kuɗi sau biyu.

Duk wannan gwaji ne yake tona shi, amma ba gwajin ofis mai sanyi a Yaba, unguwar kamfanonin fasaha a Legas, ba, inda sabis yake gudu kamar ruwa. A rage wa'adin zuwa minti ɗaya a ga abin da zai faru da fom rabin cikawa. A katse intanet ana tsakiyar aikawa. A buɗe shafin a wuri biyu, a fita daga ɗaya, a danna maɓallin komawa baya a ɗayan. Chrome ma yana da wurin rage saurin sabis da gangan domin irin wannan gwaji.

Shi kuwa dattijon, sai da muka rubuta amsoshin duka a takarda, muka kwafe su da sauri, sannan fom ɗin ya shiga ana kiran sallar la'asar.

Wassalam,
Mai karatunku daga Agege, Legas.