A ɗauki malaman tattalin arzikin muhalli a jami'ar Maradi

Malam Edita, assalamu alaikum.

A jihar Maradi aka fara sassaben zamani a shekarun 1980, manoma suka riƙa barin tohon gawo da kalgo a gonakinsu. Yau mata na samun itacen girki kusa da gida, awaki na cin 'ya'yan gawo da rani. To, wa zai lissafa mana kuɗin wannan amfani, ko asarar saran dajin Baban Rafi? Aikin masana tattalin arzikin muhalli da albarkatun ƙasa ne.

Ina roƙon hukumomi su ƙara guraben koyar da wannan fanni a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, su ba matasanmu masu digirin dakta kuɗin bincike, kada ƙungiyoyin waje su kwashe su.

Wani mai karatu, Maradi