Zuwa ga Abokina, Game da Sarƙa Bayanai

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto ne domin in amsa tambayarka a kan dalilin da ya sa faifan CD da ya ƙarje yake ci gaba da yin sauti ba tare da tangarɗa ba.

Ka riga ka san cewa akan ƙara wa saƙo wasu bit (wato lambobin 0 da 1 da na'ura ke rubuta bayani da su) na musamman domin mai karɓa ya gano kuskure ya gyara. A tsarin da Richard Hamming ya wallafa a 1950, ana ƙara bit 3 a kan kowane bit 4, sai rukunin ya zama 7, kuma kuskure ɗaya tak yake iya gyarawa a cikinsa. To, matsalar ita ce kurakurai ba safai suke zuwa ɗaiɗai ba. Idan siginar waya ta dusashe a bayan dogon gini, ko tsawa ta dagula layi, sukan zo ne a jere su yi wa rukuni guda taron dangi, alhali rukunan da ke maƙwabtaka da shi lafiyarsu ƙalau.

Maganin shi ne a sarƙa bayanan kafin a aika. Ɗauki rukuni 5, ka rubuta kowanne a layinsa a kwance kamar tebur, sannan ka aika da su kana karantawa daga sama zuwa ƙasa: bit na farko na kowane rukuni, sai na biyu, har ƙarshe. Idan hayaniya ta lalata bit 5 a jere, da zarar mai karɓa ya mayar da komai mazauninsa, zai tarar kowane rukuni kuskure ɗaya kawai ya samu, wanda bai fi ƙarfinsa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a ƙara ko bit ɗaya ba, kuma sarƙawar ba ta gyara komai da kanta. Rarraba ɓarnar kawai ta yi.

Faifan CD, wanda Philips da Sony suka fitar a 1982, yana amfani da wani tsarin gyaran kuskure, na Reed da Solomon na 1960, hawa biyu, da sarƙawa a tsakaninsu, shi ya sa yake iya cike ɓarnar da ta kai kusan milimita 2.5 a kan layin sautin. A wayar GSM kuwa, muryar mai magana ta milisakan 20 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa) takan zama bit 456, a sarƙa su a aika a kashi 8.

Sai dai ina so ka kula da farashin abin, wato jinkiri. Mai aikawa sai ya cika teburin kafin ya fara, mai karɓa ma sai ya jira ya cika nasa. Mai sauraron faifai ba zai lura ba, amma masu hira ta waya za su fara katse juna, kuma dalilin ke nan da ya sa masu wasannin intanet a layin ADSL (intanet ta wayar tarho ta gida) suke neman a rage musu sarƙawar. Saboda haka shawarata, a duk aikin da ka sa gaba, ka fara auna tsawon kurakuran da layin yake haifarwa da jinkirin da masu amfani za su iya jurewa, kafin ka yanke zurfin teburin, wato yawan layukansa.

Ka gaishe mini da mutanen gida. Ina jiran amsarka.

Naka,
Abokinka