Mun miƙa manhajar ga masu gwaji

Abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso. Bari in fara da abin da ke cina: mun saki manhajar nan tamu ta gyaran shafin intanet! Ba duniya muka buɗe wa ba tukuna, wasu 'yan tsirarun mutane ne muka zaɓa su gwada. Duk da haka ta bar kwamfutata, ta shiga hannun waɗanda ba su san ni ba, ba sa kuma jin nauyin faɗa mini gaskiya.

Tunda kai har yau in an tambaye ka aikina sai ka ce "yana dai danne-danne", bari in sake yi maka bayani. Mutum yana da shafin intanet, yana so ya canja lambar waya ko lokacin buɗe ofis. Sai ya nemi wanda ya gina masa shafin, ya yi ta jira, a kan layi ɗaya tak. Da tamu, zai buɗe shafinsa yadda baƙo yake ganinsa, ya taɓa rubutun, ya gyara a wurin, ya danna "Wallafa". Shi ke nan. Tunanin ma ba sabo ba ne. Burauzar farko, wato manhajar buɗe shafukan intanet, da Tim Berners-Lee ya rubuta a cibiyar binciken kimiyya ta CERN a 1990 ana karatu da ita, ana kuma gyara shafi da ita. Daga baya ne aka raba abin gida biyu, masu karatu daban, masu ikon gyara daban.

Na san abin da ke bakinka, don ka sha faɗa: "To WordPress fa?" Na ji. Manhajar gina shafukan intanet ce, tun 2003 take, kuma sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta suke zaune. Ba kokawa za mu yi da ita ba. Amma ka tuna a ƙarshen 2018 da suka kawo sabon editansu, Gutenberg, miliyoyin shafuka sai da suka sanya wani ƙari mai suna Classic Editor don a mayar musu da wanda hannunsu ya saba da shi. Wannan labarin ban daina tuna shi ba tun da muka fara.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mun tsara cewa kowane mai gwaji za mu haɗu da shi ta bidiyo, ya nuna mana allonsa, mu kuwa mu yi gum, ba taimako, ba bayani. Yin shirun nan ya fi rubuta manhajar wuya, wallahi. Mun zaci za su yaba yadda ake jan hoto a ajiye shi inda ake so, don a nan muka fi zuba ƙarfi. Ko kallo bai ishe su ba. Gyaran rubutu kuwa cikin minti ɗaya suke gane shi. Amma da zarar an zo kan maɓallin "Wallafa", sai ka ga kibiyar ta tsaya cak, tana kewaya shi, an kasa dannawa. Wata baiwar Allah da ke kula da shafin wata ƙungiya, kafin ta taɓa ko harafi ɗaya sai da ta kwafe rubutun shafin kaf ta ajiye a wani wuri. Da muka gama na tambaye ta dalili, ta ce in ta ɓata, ita za a kira, ba mu ba.

Tsoro ne, abokina. Mutanen nan ba gyaran ne ya gagare su ba, tsoron ɓata abin da jama'a ke gani ne ya ɗaure musu hannu. Kuma maganin yana cikin manhajar tun farko, domin tana ajiye tarihin duk wani canji, sai dai yana can ƙurya inda sai mai bincike zai gan shi. Muka ɗauko shi muka dasa dab da "Wallafa", da rubutu ƙarara: "Mayar da shi yadda yake". Ka zo ka ga mutane! Wanda jiya yake ɗari-ɗari, yau yana goge sakin layi guda don kawai ya ga ya dawo. Gani ya kori ji.

Af, kafin in manta, dogon nan namu an yi masa ƙaruwa, mace. Ya ce in gaya maka har yanzu yana jiran kiranka, kuma bai yafe maganar cajar nan ba. Ni dai na isar da saƙo. Ƙanwarka ma ta gama karatu, na ga hotuna, kai kuma ko ka sanar da ni. Allah Ya sanya albarka.

To, tarihin nan da ya cece mu, ba a banza ya samu ba. A burauza akwai wata dama da ake kira contenteditable, wadda ke sa a iya rubutu kai tsaye a kan shafi. Microsoft ne suka fara kawo ta a Internet Explorer 5.5 a shekarar 2000, sauran suka bi. Sai dai kowace burauza da irin yadda take fassara abu, ko danna Enter kaɗai ba iri ɗaya yake fitowa ba. Shi ya sa muka gina tamu a kan ProseMirror, wata manhaja da ake gina editan rubutu a kanta, aikin Marijn Haverbeke. Ita tana riƙe da nata tsarin rubutun, kuma duk canjin da aka yi tana ajiye shi a matsayin taki guda da za a iya juyawa baya. A kan wannan muka ɗora komai.

Amma masu gwaji sun tono mana abubuwan da mu a ofis ba mu taɓa cin karo da su ba. Kusan ba wanda yake rubutu a cikin manhajar daga farko. A wani wuri suke rubutawa su kwafo su manna, rubutun kuma ya taho da tarkacen launi da girman haruffa da ba a gani sai ya hau shafi ya hargitsa shi. Yanzu muna tace shi a bakin ƙofa, mu bar kanun magana da jeri da manyan haruffa, mu zubar da sauran. Waya kuma ita ce babbar fitina. Madannan waya masu hasashen kalma ba harafi-harafi suke aikowa ba, kalmar suke ta sake ginawa har ka gama ta, sai ka ga wani harafi ya fito sau biyu. Sannan wani intanet ɗinsa ya ɗauke yana tsakiyar rubutu. Allah Ya taimaka muna ajiye daftari a cikin burauzar kanta, da ya dawo ya tarar da kayansa. Da ya rasa su, na tabbata ba zai sake leƙo mu ba.

A nan muke ta ja-in-ja da abokin tafiyata. Shi so yake mu sa mutum biyu su iya gyara shafi ɗaya lokaci guda kamar a Google Docs, har ya fara wasa da Yjs, wani kayan aikin da ake gina irin haka da shi, da daddare. Masu son zuba jari kuma tambayarsu ɗaya ce, ina ƙirƙirarriyar basira a ciki. Ni na kafe: ba za a ƙara ko maɓalli ɗaya ba sai ranar da na tabbata ba wanda zai rasa harafi ɗaya na abin da ya rubuta. Ya ce mutanen da muka gwada da su sun yi kaɗan a yanke hukunci. Na tuna masa abin da Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya rubuta a 2000, cewa mutum 5 kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da manhaja. Ya yi dariya ya ce na haddace wannan ne don in riƙa cin gardama. Muna nan dai, ba wanda ya sauko.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai ba masu ƙorafi ba ne. Mai ƙorafi yana so abin ya gyaru. Akwai waɗanda suka shiga sau ɗaya, suka taɓa nan suka taɓa can, suka fita, ko uffan ba su ce ba. Su nake bi ɗaya bayan ɗaya da imel, ina roƙon minti goma kawai su gaya mini inda suka gaji. Wasu sun amsa, kuma amsarsu ta fi duk yabon da muka samu amfani. Sauran har yanzu ina duba akwatina.

Yanzu kai. Zan turo maka gayyata gobe in sha Allahu. Kada ka gwada a sabuwar kwamfutar ofis, tsohuwar wayar nan taka mai fasasshen gilashi nake so, wadda ka ƙi rabuwa da ita. Ka kwafo rubutu mafi hargitsi da kake da shi ka manna, ka kashe data kana tsakiyar rubutu, ka danna duk abin da ka ga dama. In ta fashe ka ɗauki hoton allon ka turo, ka rubuta abin da ka taɓa kafin nan. Kuma kada ka lallashe ni, na san halinka in ka ga mutum ya gaji.

Ka gaida madam da yara, ka ce wa babban ina sane da alkawarin da na yi masa.

Naka har kullum.