Sears ko Willis, kuɗin na ina ne?

Edita, don Allah a bani ɗan fili.

Dogon benen nan na Chicago a Amurka mai hawa 110, tun 2009 aka canza mai suna daga Sears Tower zuwa Willis Tower, wai don wani kamfanin dillancin inshora na Landan mai suna Willis ya kama hayar ofis a ciki, ko kashi biyar cikin ɗari na ginin bai kama ba fa amma aka bashi sunan. To har yau ƴan garin Sears suke cewa abinsu, sun ƙi sam. A 2015 kamfanin zuba jari na Blackstone ya saye shi dala biliyan 1.3, ni dai a ganina masu haya da ƴan yawon buɗe ido dake hawa bene na 103 suna tsayawa cikin akwatin gilas, su suka ja wannan kuɗin, allon suna kam ko oho.

Naku, mai karatu daga Kano.