Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Kalgo Kan Itatuwa, Tafkuna da Hanyoyin Ruwan Garinmu

Mai girma Shugaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, tare da addu'ar Allah ya taya ka riƙon amanar da jama'a suka ɗora maka, ina rubuto maka wannan wasiƙa ne a matsayina na mazaunin wannan gari, kuma ɗaya daga cikin masu fita aikin gayya na dashen itatuwa da yashe magudanan ruwa a unguwanninmu. Na zaɓi in rubuta ta a fili domin maganar da ke cikinta ta shafi kowane mai gida da kowace uwa a Kalgo, kuma ina so waɗanda za su karanta su zama shaida a kan abin da muka roƙa.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin yadda garin nan ya canza a cikin 'yan shekarun nan. Kusancinmu da Birnin Kebbi, da zuwan Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, da babbar cibiyar lafiyar da gwamnatin jiha ta gina a nan, sun jawo mana ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa, sun kuma ɗaga darajar ƙasa ta yadda gonar da jiya ake noma gero a cikinta yau an yanka ta fuloti-fuloti. Wannan alheri ne, kuma babu mai hankalin da zai yi baƙin ciki da bunƙasar garinsu. Damuwata ita ce garin yana faɗaɗa da saurin da ya wuce tsarin da ake yi masa, kuma abubuwan da ke fara salwanta a irin wannan yanayi su ne waɗanda ba su da mai su tilo da zai tsaya musu: tsohuwar tsamiyar bakin hanya, da tafkin bayan gari, da ƙoramar da ruwan sama ke bi ya gangara fadama, da burtalin da shanu ke bi zuwa mashaya.

Jama'a ba su zauna sun naɗe hannu ba. Akwai matasa a unguwanni da ke haɗa kuɗi daga aljihunsu su sayi shebur da baro, su fita da sanyin safiya su kwashe leda da robobin ruwa daga lambatu kafin ruwan farko ya sauka. Akwai malaman makaranta da ke raba wa ɗalibai irin dogon yaro da mangwaro, da dattawan da ke kewaye maƙabarta da itatuwa saboda neman lada. Abin da ke karya mana gwiwa shi ne mafi yawan abin da ake dasawa ba ya kai damina ta biyu, kuma a kan dalilin hakan nake so in tsaya sosai, domin a nan ne hukumarka za ta iya yin abin da mu ba za mu iya ba.

Ruwan sama a wannan yanki yakan sauka ne daga wajen watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Yawancin bukukuwan dashen itatuwa kuwa sai cikin Yuli ko Agusta ake yin su, wani lokaci ma a makare, ta yadda ɗan itacen bai samu makonnin da saiwarsa za ta nutsa ƙasa ba sai ruwa ya ɗauke. Daga nan zai fuskanci hunturu da busasshiyar iskarsa, sannan bazarar Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40. A daidai wannan lokaci ne kuma ake sakin dabbobi bayan an kawar da amfanin gona, kuma akuyar da ba ta ga ɗanyen ganye a ko'ina ba ba za ta wuce ɗan itacen da ba a kewaye ba. Ke nan dashen kansa shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikin. Wahalar tana cikin watanni bakwai ko takwas da ke biyo baya, lokacin da ake buƙatar wanda zai kawo ruwa a kai a kai, ya gyara kewayen ƙaya ko kwandon da iska ta kayar, ya lura da gara. Na sha ganin wuraren da aka taru aka yi jawabai aka dasa itatuwa layi-layi, amma da aka koma cikin bazara babu abin da ya rage sai ramuka da tsinke. Ba mugunta ce ta kashe su ba, rashin wanda aka ɗora wa alhakinsu da suna ne.

Saboda haka roƙona na farko shi ne duk kuɗin da ƙaramar hukuma za ta ware wa dashe, a bar kaso mafi tsoka na ban ruwa da kariya, ko da hakan zai sa a rage yawan irin da za a saya. A damƙa kowane layi na itatuwa ga wani sanannen mutum ko wata ƙungiya ta unguwa a gaban mai unguwa, a ba su kurar ruwa da jarkoki, ko a haɗa su da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana inda take kusa, sannan a biya su ɗan alawus gwargwadon itatuwan da suka rayu. Ƙidayar kuma a yi ta a ƙarshen watan Mayu, a liƙa sakamakonta a sakatariya inda kowa zai gani. Shugaban da ya ce ya raya itace ɗari biyar har suka fi ƙarfin akuya ya fi amfanar garinsa a kan wanda ya ce ya dasa dubu goma.

Akwai kuma hanyar da ta fi dashe araha, wadda maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar suka gwada tun cikin shekarun 1980 a yankin Maraɗi, suna kiranta sassaben zamani. Manomi idan ya zo sharar gona ba ya sare duk tohon da ke fitowa daga kututturen da ke ƙasa. Yakan zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi ya bari, ya rage sauran, kuma da yake saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, itacen yakan tashi da sauri ba tare da an ba shi ko ɗigon ruwa ba. Ta wannan hanya aka farfaɗo da itatuwa a filin da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5 a ƙasar da ruwan samanta bai kai namu ba. Gonakin da ke kewaye da Kalgo cike suke da irin waɗannan kututture na sabara da aduwa da magarya da gawo, kuma manomanmu sun san darajar gawo tun kaka da kakanni: yakan zubar da ganyensa da damina ya bar wa shuka rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya ba dabbobi inuwa da 'ya'yan da suke ci. Abin da ake buƙata shi ne malaman gona na ƙaramar hukuma su zaga ƙauyuka kafin sharar gona su nuna yadda ake yi, kuma a tabbatar wa manomi cewa itacen da ya raya a gonarsa nasa ne, babu wanda zai zo ya sare shi da dare a ce ba komai.

Batun sara kuwa ba zan ɗora laifinsa a kan matar da ke neman abin da za ta dafa wa 'ya'yanta tuwo ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwa ta ƙara tsada, kuma gidaje da dama da suka fara amfani da gas sun koma wa itace da gawayi. Wanda ya kamata a sa wa ido shi ne mai sare ɗanyen itace da inji yana loda motoci, musamman kirya da marke da kaɗanya da ɗorawa, waɗanda sai sun shekara da yawa kafin su girma, alhali kaɗanya da ɗorawa su ne jarin mata masu man kaɗe da daddawa. Ina roƙon a ƙarfafa malaman daji, a kuma tallafa wa mata da murhu mai tsimin itace wanda maginan tukwane da maƙeranmu za su iya ƙerawa a nan gida.

Ranka ya daɗe, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne cike tafkuna da toshe hanyoyin ruwa. Itacen da aka sare ana iya dasa wani a madadinsa, amma tafkin da aka cike da shara aka aza harsashin gini a kansa ya tafi ke nan. Magabatanmu sun haƙa waɗannan kududdufai ne suna ɗibar ƙasar gini, daga baya suka zama matattarar ruwan sama na unguwa, suna riƙe shi har ya tsotse ƙasa ya ciyar da rijiyoyi. Yau da rufin kwano da daɓen siminti suka yawaita, ruwan da ke gudu a kan titi ya ƙaru, wurin da zai sauka kuma ya ragu. Ruwa ba ya mantuwa da hanyarsa, idan aka tare shi sai ya shiga ɗakin wanda bai ji ba bai gani ba, kuma galibi talaka ne mai ginin ƙasa. Mutanen Kebbi ba sa buƙatar a ba su labarin ambaliya, domin ba mu manta da ta 2020 ba, wadda ta shanye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a fadamun jihar nan ana dab da girbi. Ba mu da iko a kan cikar gulbi, amma ruwan da ke kwanciya a tsakiyar unguwa saboda an gina shago a kan lambatu, wannan aikin hannunmu ne.

Na san hujjar masu son a cike tafkuna, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa matattarar sauro ce, kuma yara kan faɗa ciki su halaka. Gaskiya ne, kuma a jihar da binciken ƙasa na 2021 ya nuna kusan rabin yaran da ba su kai shekara biyar ba suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, adadin da ya fi na kowace jiha a Najeriya, har ya sa aka fara ba da rigakafin cutar a Kebbi da Bayelsa a watan Disamban 2024, babu wanda zai yi wasa da maganar sauro. Sai dai cike tafki ba ya kawar da ruwan, yakan warwatsa shi ne cikin ƙananan kwatami a ƙofar kowane gida, inda sauro ya fi samun wurin hayayyafa kusa da inda yara ke kwana. Maganin shi ne a hana zuba shara a cikin tafkin, a yashe shi da rani, a kewaye shi, a dasa itatuwa a gefensa, a kuma buɗe masa mafita zuwa fadama.

Duk wannan yana cikin hurumin ofishinka. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa gina magudanan ruwa da kula da su, da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a, da kwashe shara, a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta bar wa ƙaramar hukuma kula da filayen da ba a ayyana su a matsayin birni ba, inda kuma ikon yake hannun gwamna, kai ne bakinmu a wurin hukumomin filaye na jiha. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya ƙara sa jama'a zuba ido a kan abin da za ku yi da kanku. Haka nan Kebbi tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa na dashen itatuwa domin daƙile kwararowar hamada ya ratsa, tana kuma cikin jihohin arewa 19 da ke cin gajiyar shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a ƙarshen 2021 domin farfaɗo da ƙasar da ta lalace. Irin waɗannan shirye-shirye sun fi sauraron garin da ya je musu da rubutaccen tsari da ƙungiyoyin da ke aiki a ƙasa.

Abin da nake roƙo a kan wannan ba ya cin kuɗi mai yawa. A kafa ɗan ƙaramin kwamiti da ya ƙunshi wakilin uban ƙasa, da hakimai da masu unguwanni, da jami'in filaye, da duba-gari, da wakilan matasa da mata da makiyaya, su zaga da ƙafa su rubuta kowane tafki da ƙorama da burtali da filin jama'a da tsohon itacen da ya rage, a sa musu alama da turakun siminti, majalisar kansiloli kuma ta yi dokar da ta haramta sayar da su ko gini a kansu. Dattawan da suka san iyakokin nan da ka suna raguwa, dillalan filaye kuma ba sa jira. A nemi malaman jami'ar da ke maƙwabtaka da mu su taimaka da zana taswira, ɗalibansu ma za su ƙaru da aikin. A roƙi limamai su tunatar da jama'a a huɗuba hadisin da ya tabbata cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi, su kuma haɗa da haramcin cutar da maƙwabci ta hanyar juya masa ruwa ko zuba shara a hanyarsa.

Su kuma matasan da ke yashe lambatu, babbar matsalarsu ita ce idan sun fito da dattin sun tara a bakin hanya, babu motar da za ta kwashe shi, sai ruwan farko ya mayar da shi inda aka ciro shi. Tifa ɗaya a ranar da aka tsayar a kowane wata, da wurin zuba shara da aka keɓe nesa da gidaje da hanyar ruwa, za su sa wahalarsu ta daina tafiya a banza.

Muna roƙon ka ba mu rana kafin faɗuwar damina mai zuwa, ka zauna da wakilan ƙungiyoyin unguwanni, mu kawo maka jerin wuraren da ruwa ke kwanciya da tafkunan da aka fara cikewa, idan hali ya yi kuma mu zaga da kai ka gani da idonka. Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani mazaunin Kalgo, Jihar Kebbi