Yaya, kada a biya kuɗin keken Auta sai an duba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya jikin Inna? Ƙafar ta yi sauƙi? Ka gaishe ta da kyau, ka ce mata ina nan lafiya lau, aiki ma alhamdulillahi. Sanyi ya fara shigowa, amma mun saba.

Saƙon da na turo ranar Talata na san ya shigo hannunka. Kamar yadda muka yi, kashi uku ne: na maganin Inna, na makarantar Auta, sai ragowar da na ce ka riƙe a wurinka. To jiya ɗan Kawu ya kira ni, cikin hira yake ce mini wai Auta ya samu keke na hannu, irin na kabon ɗin nan da ake kira girabul, wato na bin hanyar tsakuwa, har ya ba da kafin alƙalami, yana jiran cikon ya fito daga wurinka. Daren jiya barci bai ɗauke ni ba sai wajen asuba. Ban kira shi ba, don na san in na kira faɗa za mu yi ya kashe waya. Kai ne yake jin maganarka.

Ban ce kada ya saya ba. Na san nisan da yake yi kullum, na san yadda hanyar take, kuma don irinta aka ƙera wannan keken: taya mai faɗi, galibi milimita 38 zuwa 45, birkin faifai, ga shi ba nauyi. In kuma gaskiya za a bi, ni na sa masa abin a rai. Ni ne nake ta turo hotuna ina kan nawa, ban taɓa tunanin abin da yaro zai ji in ya gani ba. Amma ko sisi kada ya fita daga hannunka sai an duba keken yadda zan faɗa maka.

Kekunan da muka taso muna hawa na ƙarfe ne. In ya faɗi sai ya lanƙwashe, ka gani da idonka, a miƙe shi ko a kai wa mai walda. Kabon ba haka yake ba. Zare ne wanda ya fi gashin kai siranta, ake jera shi falle bisa falle, a haɗe da wani irin danƙo, a gasa a cikin mazubi. Ba ya tsatsa, ba ya lanƙwasa, yana da ƙarfi ƙwarai. Amma in ya sha mugun bugu, fallayen ciki suna iya rabuwa da juna alhali fenti a waje yana ta ƙyalli. Kyan ɗan maciji ke nan. Shekara huɗu ina wannan aiki na gyaran kekuna, yanzu in aka kawo firam, wato gangar jikin keke, da ake shakka a kai ni ake kira in duba, don haka ba ji na yi ba.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa muku ba. Ka tuna lokacin da na yi wata biyu ban turo komai ba, na ce an rage mana aiki? Ba rage aiki aka yi ba. Keken kabon na saya a hannun wani mutum, da magariba, a bakin titi. Zagaye ɗaya na yi, na ji shi kamar iska, na biya. Bayan sati uku ina gangarowa wata gada na matsa birkin gaba, sai kan keken ya taho a hannuna. Sandar fok ce, wato ƙafafu biyun nan da ke riƙe tayar gaba, ta karye a ciki, daidai inda ake ɗaure kan. Ƙashin kafaɗata ya karye. Da na samu sauƙi na ɗauki guntun na juya shi a hannu: rabin karayar sabuwa ce, baƙa wul, ɗaya rabin kuwa ya yi furu-furu da ƙura da tsohon giris. Wato tsagar ta daɗe tun kafin in saya. Kafaɗar ta warke tuntuni, ba na jin komai sai lokacin sanyi. Don Allah kada Inna ta ji wannan.

To ga yadda za ku yi. Ku je da rana tsaka, kai da Auta da bakaniken keke wanda ka yarda da shi. A wanke keken tas, domin laka tana ɓoye abu da yawa. Ka riƙe tocila ka haska ta a karkace, kana bin firam ɗin a hankali, don a karkace ne tsaga take yin inuwa. Ka samu auduga ko tsohon tsumma mai laushi ka riƙa shafawa. Inda zare ya tashi zai kama audugar. Wuraren da na fi so ka tsaya su ne ƙarƙashin babban bututun da ya gangaro daga gaba, inda tsakuwa ke bugu, da bututun sama inda kan keke yake juyowa ya doke shi in an faɗi, da ƙafar baya ta ɓangaren sarƙa, kusa da babban haƙori, inda sarƙa in ta zame take cin jiki. Sai bakin ramin sandar sirdi, da inda tayoyin biyu suke ɗaure, da mazaunin birki.

Ƙarzuwar fenti ba komai ba ce, keken da aka hau a kan tsakuwa dole ya samu tabo. Abin tsoro shi ne layin da ya ratsa bututu a gicciye, ko wanda ya bazu kamar saƙar gizo daga wuri ɗaya, ko wanda farce ke maƙalewa a ciki. In ka ga irin wannan, danna wurin da babban yatsa. In ya yi laushi, ko ka ji ɗan ƙas-ƙas, magana ta ƙare, ku tashi. Ka kuma ɗauki sulalla ka riƙa ƙwanƙwasawa a hankali. Lafiyayyen wuri yana ba da sauti tsaf, wurin da ya rabu a ciki sautinsa a dushe yake, kamar tukunyar da ta tsage. Ka gwada dama da hagu a wuri iri ɗaya, domin kauri yakan sauya sauti ko ba lahani. Wannan gwajin yana iya kama matsala, amma ba ya wanke keke. Mu a nan in abu ya shige mana duhu sai mu tura wa masu na'urar da ke leƙa ciki da sauti, irin ta awon ciki a asibiti.

Duk sitikar da aka manna a wurin da ba a saba mannawa ba, a ɓare ta. Duk inda fenti ya bambanta da na kusa da shi, ko ya fi sauran sabunta, ka tambayi mai keken me ya faru a nan. Ana gyara kabon, kuma gyaran gwani yana riƙewa, amma wanda ya gyara ya ɓoye maka ba abokin ciniki ba ne. Fok kuwa ko an ce gwani ne ya gyara, ban yarda Auta ya hau ba.

Fok ɗin dai, Yaya. Ko za ku manta da komai kada ku manta da shi. Tsagarsa ba a ganinta daga waje, sai an kwance. Alanki mai lamba 4 ko 5 ya isa, aikin minti goma ne. Bakanike ya sassauta wuyan da ke riƙe da kan, ya zare, ya sauke fok ɗin ƙasa har sandar ta fito. Wasu sababbin kekunan wayar birki ta cikin wuyan take bi, ba zai fita gaba ɗaya ba, amma zai sauka yadda za a gani. A goge giris, a haska. Ku duba ko akwai zobe da ya ci jikin sandar ya zagaye ta, ko wurin da ya matse ya lotsa, ko tsaga a tsaye daga bakin sama. Ku leƙa cikin bakin kuma. A sandar kabon toshi ne mai buɗewa ake sawa. In kun ga wani ƙarfe mai haƙora kamar tauraro an buga shi ciki da guduma, wannan na sandar ƙarfe ne, yana yanka zaren, kada ku saya. In mai keken ya ce bai yarda a kwance ba, ku yi masa sallama. Ba a cinikin biri a sama.

Wajen mayarwa ka tsaya a kan bakaniken. Kusa da kusoshin za ka ga an rubuta lamba, galibi 5 Nm ko kusa da haka. Iyakar ƙarfin ɗaurin ke nan, kuma kaɗan ne ƙwarai. Wanda ya saba da ƙarfe yakan ɗaure har sai hannunsa ya tsaya, da haka ake murƙushe kabon. Ina zargin abin da ya faru da nawa ke nan. Sandar sirdi ma a zare ta a duba, in ta ƙi fita wannan ma matsala ce.

Sauran abubuwan ba na fasa ciniki ba ne, na neman ragi ne. Sarƙa ana awonta: daga tsakiyar ƙusa ɗaya ka ƙirga 24, sabuwa inci 12 take cif. In ta wuce da kamar milimita ɗaya da rabi ta gaji, kuma mai yiwuwa ta cinye haƙoran baya, waɗanda suka fi ta tsada nesa ba kusa ba. Faifan birki an rubuta ƙarancin kaurinsa a jikinsa, na kamfanin Shimano milimita 1.5 ne. Ka matsa birkin gaba ka jijjiga keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya boris ne. Ka ɗaga taya ka juya ka ga ko tana rawa. In birkin na mai ne, man Shimano daban, wanda yawancin na kamfanin SRAM suke sha daban, ba a haɗawa, a gaya wa bakanike. In giyar ta lantarki ce, a ba ku caja tare da keken. In kuma hannun feda an rubuta Ultegra ko Dura-Ace, ka turo mini hoton lambar da ke bayansa, domin a 2023 kamfanin Shimano ya yi kiranye a kan wasu da aka ƙera kafin Yulin 2019 saboda suna ɓarewa.

Sai Auta ya hau. Ya yi kamar minti goma sha biyar, ya bi ta wuri mai gargada, ya miƙe tsaye ya taka da ƙarfi, kai kuma ka saurara ko akwai ƙara. Ya canja giya duka, sama da ƙasa. Ka kuma dube shi a kai da kyau. Yaron nan ya fi ni tsawo yanzu in hotunan nan gaskiya ne, kuma firam ɗin da ya yi wa mutum kaɗan ba ya da magani. Zai ce maka daidai ne don yana so. Kai ka duba.

Akwai lamba a ƙarƙashin firam, inda fedoji suka haɗu. Ka kifa keken ka ɗauki hotonta ka turo mini. In an kankare ta ko an shafe da fenti, ko mai shi ba ya da rasit kuma ba ya iya faɗin inda ya samo, ku bar masa kayansa. Ba na son a zo har gida a ce ɗanmu yana hawan kayan sata, Inna ba za ta iya ɗaukar wannan ba. Akwai kuma na jabu masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni. Kuɗin da ɗan Kawu ya ambata mini ya yi araha da yawa, shi ya fi tayar mini da hankali. Kada kuma a ruɗe ku da garanti, yawancin kamfanoni wanda ya fara saya kawai suke ba wa.

Maganar kafin alƙalami, ka tambaye shi a hankali ina ya samo. In daga kuɗin makaranta ya taɓa, ka faɗa mini gaskiya, ba zan yi faɗa ba, zan cike a ƙarshen wata. In keken bai yi ba kuma mutumin ya ƙi mayarwa, a bar masa, ni zan biya Auta. Kada ya ce don ya riga ya ba da wani abu dole ya ƙarasa. Na maganin Inna kuwa ba a taɓa shi ko da wane dalili. Ragowar tana wurinka, ba ta fita sai ni da kai mun yi magana.

Na san zai ce ina nesa ina ba da umarni. Yana da gaskiya. Lokacin da na tafi bai kai kafaɗata ba, ni ya kamata a ce na riƙe masa sirdi yana koyo, kai ka yi. Duk abin da na iya a kan keke baƙi nake yi wa, ƙanina kuwa sai ta takarda. Ka ce masa in wannan bai yi ba za mu nemi wani, ko na alminiyom ne mai irin tayar nan, zai yi masa aikin da yake so kuma ya fi jure faɗuwa da hannun bakanike. Ba hana shi nake yi ba.

Ranar Lahadi ba ni da aiki. Ku shirya da mai keken ranar, ku kira ni ta bidiyo a WhatsApp lokacin da za a sauke fok ɗin, in gani da idona. Na saya masa hular kwano da ɗan makullin awon ɗauri, ina neman wanda zai taho in ba shi. Ko wane keke ya samu, kada ya hau babu hular.

Ka gaida Kawu da su Gwaggo, ka shafa mini kan yara. Ka ɗauko mini hoton takardar maganin Inna ta ƙarshe, da ita kanta in ta yarda, na kwana biyu ban ga fuskarta ba.

Ƙaninka.